Ranar da Autarmu Ta Bi Dangi Neman Yafiya

Ni ce babba a ɗakinmu, amma autarmu ake gani. Ita ta samu karatu a Dutsin-Ma, ni kuwa ina Kurfi ina taka keken ɗinki. Duk Juma'a sai Inna ta daka mata yaji, ta soya gyaɗa, a ba mai mota ya kai. Ba zan ɓoye ba, kishinta nake yi, irin kishin da ke sa ka san yawan mayafan mutum fiye da shi kansa.

Hutun da ta dawo a shekararta ta biyu, ta rame, ta daina kwalliya, wayarta na ƙara ba ta ɗauka. Inna ta ce karatu ne. Ni na ce iyayi ne. Sai rana ɗaya ta ware, tana ta fara'a, ta buɗe akwati ta hau rabo. Leshinta ruwan toka, wanda na shekara ina haɗiyar yawu a kansa, ta miƙa wa 'yar Gwaggonmu ta Barkiya. Ni takalmi aka ba ni. Raina ya ɓaci sosai.

Washegari ta bi gidajen dangi tana cewa a yafe mata. A wurinmu wannan ba abin mamaki ba ne: mai tafiya Makka na yi, amarya na yi, ana yi in azumi ya matso. Kowa ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, aka bi ta da yabon tarbiyya. Ni da na saba sa mata ido sai abin ya tsaya mini. Azumi da saura, ba miji, ba kujerar Makka.

Da la'asar ta same ni a shago.

"Yaya, ki yafe mani."

"Ban yafe ba. Ina za ki?"

"Ba ko'ina."

"To mi ya kawo rabon kaya da bankwana?"

Ta ce, "Na gaji, Yaya. In babu ni kowa ya huta."

Ƙafata ta tsaya cak a kan keken. Ban yi kwana-kwana ba, na ce, "Kashe kanki kike son yi?" Ta gyaɗa kai. Ashe jarrabawa ta kayar da ita tun watanni huɗu da suka wuce, ta kasa faɗa wa kowa.

Na rufe shago, na riƙe hannunta har gaban Inna, na faɗi komai. Inna ta fara salati tana cewa a rufa asiri. Ranar na ɗaga mata murya, na ce asibiti za mu, kuma ba mai barin yarinyar nan ita kaɗai.

A mota ta jingina da kafaɗata, ba nauyi ko kaɗan. Ta ce, "Ke kin ji daɗi, Yaya. Ba wanda ke jiran ki zama komai."