Layin Da Na Ɓoye A Saman Saƙo

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne mai hura hanci, ina aiki da wata ƙungiyar manoman gyaɗa da ta haɗa Karaye da Rogo. Ni nake tsara saƙon imel da ake aika wa masu sayen gyaɗarmu duk mako. Da HTML, wato harshen tsara shafukan intanet, ake gina shi, kuma mai tsoron Allah yakan raba shi kashi-kashi: kai daban, ciki daban, ƙasa daban, da ɗan bayani a kan kowane, don wanda zai gaje shi ya gane. Ni kuwa da gangan na cukurkuɗa nawa, akwati cikin akwati har hawa bakwai, na goge duk bayanan, don kada a taɓa iya yi ba da ni ba.

Sai shugabanmu, wani dattijo mai in'ina, ya ce an mayar da ni wajen awo a Kurugu, aikin saƙon kuma za a ba wata baiwar Allah daga Fulatan, wadda mijinta ya rasu ta koma karatu har ta yi difloma. Raina ya ɓaci ƙwarai. Akwai wani layi a can saman saƙo da ake ɓoyewa. Ba ya fitowa idan an buɗe, amma yana bayyana kusa da taken saƙon a waya kafin mutum ya buɗe. A nan na rubuta gaisuwar shugaba ina kwaikwayon in'inarsa, harafi yana maimaita kansa, na binne layin cikin cukurkuɗar. Da ta zo karɓar aiki ta gaishe ni har da rusunawa, tana kirana Malam, ta tambaye ni ko akwai wurin da ya kamata ta kula da shi. Na ce mata babu, ai mai difloma ba ta buƙatar jagora.

Saƙonta na farko ya tafi da sunanta a ƙasa. Kafin azahar an yi ta tura hoton layin a wayoyi, har ya kai ga 'ya'yan dattijon. A zaman da aka yi, ya so ya tambaye ta me ya yi mata, maganar ta maƙale masa, hawaye na zuba a gemunsa. Ta rantse ba ita ba ce. Aka juyo gare ni, na ce ni dai lafiya lau na miƙa aiki. Na shafa mata kashin kaji ina kallon idonta. Aka sallame ta, aka dawo da ni, wallahi har daɗi na ji ranar.

Ta roƙi kwana biyu ta kammala abin da ta fara. Da na buɗe aikin bayan tafiyarta, ban gane shi ba. Ta warware komai, ta raba shi kashi-kashi, kowane da bayaninsa cikin Hausa mai sauƙi. A saman layin nan ta rubuta cewa wannan wuri ba a ganinsa, don haka a riƙa duba shi kafin a aika, kuma wanda ya san abin da ya ajiye a nan, Allah ma ya sani. Ba ta ambaci suna ba.

Na yi ta cewa gobe zan je Fulatan in nemi gafararta, har yau ban je ba. Dattijon ya rasu bara yana ganin ita ce ta ci masa mutunci, ni kuma na bi gawarsa har maƙabarta. Abin da na koya shi ne, aikin da ka ƙulle don kada wani ya gane, sharri ne ke samun maɓoya a cikinsa. Masu wannan sana'a, ku tsara aiki yadda na bayanku zai karanta, ku gaya masa inda ramin yake. Har yau da tsarinta nake aika saƙo, kuma duk mako sai na wuce ta kan bayanin nan. Ban iya goge shi ba.