Sulallan da Inna ta wanke

Ranar Juma'a ce, ƙarfe huɗu na yamma, a gidanmu na unguwar Ulaisha a Riyadh. Muna nan ni da matata da Inna, mahaifiyata, wadda ta biyo ta Riyadh bayan ta gama umara.

A lokacin ina tara sulallan azurfa da aka buga don tunawa da baje-kolin duniya. Ba na kashewa ba ne. Kowanne yana zuwa a rufe cikin 'yar roba, hannu ba ya taɓa shi. Jerin guda uku ne. Ina da na farko, ina da na biyu har guda biyu. Na ukun yana wurin wani Bamisire mai shago a unguwar Utaiƙa, mun kuma shirya washegari in kai masa rarar na biyun ya ba ni shi. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada a buɗe robar.

Na jera su a kan tebur na tafi la'asar. Da na dawo na tarar da Inna a kan dadduma da rabin lemun tsami da tokar kaskon turare. Ta ɓalle roba biyu da bakin cokali. Ta gama wanke na farko da ɗaya daga cikin na biyun, tana neman hanyar buɗe wanda ya rage.

"Kai da bokonka, ka bar azurfa tana dushewa a cikin roba?" in ji ta. "Zoben nan nawa ya girme ka. Dubi yadda yake."

Matata ta kalle ni, ta shige kicin.

"Sannu da aiki, Inna. Wannan ɗayan ki bar min shi."

"Rowa ce? Ai ba haɗiyewa zan yi ba."

Ta miƙo min.

Washegari na biyun da aka wanke na fara ajiye wa Bamisiren. Ya sa madubin ƙara girma a ido, ya juya sulen, ya nuna min ƙananan zane-zanen da toka ta bari.

"Wa ya yi wannan?"

"Mahaifiyata."

"Allah ya ƙara mata lafiya," ya ce, ya turo min abina.

Sai na ciro wanda ba a buɗe ba. Ya duba, ya ba ni na ukun.

Jerin ya cika a ranar. Biyu daga ciki wankin Inna ne. Ta koma gida ranar Talata, ban faɗa mata wankin ya rage musu daraja ba.