Mai Lallashin Ƙunshin Shinkafa

Duk duniya babu wanda ya san sirrin barci kamar nas mai kula da bakwaini. Sai dai barcin wasu ne.

Ga ɗaya zaune kusa da Turai a jirgin ƙasa na LRT da safe, 'yar Malay, idanu jajur, hannuwa sun bushe da yawan wankewa. Turai na zaton sai da nas ɗin ta yi digiri biyu kafin a bar ta ta taɓa jaririn da bai kai kilo ba. Yanzu ƙunshin shinkafa take jijjigawa a cinya, tana bubbuga bayansa a hankali.

"Sister, tashe ni a Sri Petaling, boleh?" ta ce da Turanci, ta ƙare da "boleh" ɗinsu na Malay, wato "zai yiwu", idonta na rufewa.

"Boleh," in ji Turai.

Turai dai a Bukit Jalil take sauka, tasha ɗaya kafin nan.