Fuskar Yaya a Kan Babur

Bayan sadakar bakwai ta rasuwar Yaya, da tabarmin zaman makoki suka koma wurin masu su, Inna ta kira ni ɗaki.

"Ke da kike yawo da kyamara kullum, ki kawo mini hoton yayanki. Wanda zan ga fuskarsa sosai."

Na ce to. Na fito.

Yaya ba mutumin hoto ba ne. Wayarsa 'yar ƙarama ce mai tocila. Hoton katin shaidarsa kuwa, tun ranar da aka yi shi Inna ta ce wannan ba ɗanta ba ne, ɓarawon akuya ne aka kama. Hotunansa da suka rage a duniya suna hannuna, suna da yawa, amma na san halinsu.

Lokacin ina koyon hoto a wani shago a Kwangila, don in riƙa ɗaukar bikin mata. Mai shagon ne ya nuna mini hoton wani mai babur: mutumin ya fito tangaran, komai na bayansa ya tsiyaye kamar an ja tsintsiya a kan ɗanyen fenti. Na ce sai na iya. Ya ce in rage saurin ƙiftawar kyamarar, in kafe ƙafafuna, in manne gwiwar hannu a haƙarƙari, in bi babur ɗin daga ƙugu, in danna ina cikin juyawa, kada in tsaya. Sharaɗi ɗaya ne: mai babur ya riƙe gudu ɗaya, fuskarsa na kallon gaba.

Yaya ɗan acaɓa ne, ga babur a gida, me zan nema? Na sa shi gaba da naci har ya yarda.

A layinmu na Tudun Wada, wuri ɗaya ne haske ke faɗowa yadda nake so, gaban masallaci bayan la'asar. Kuma daidai lokacin ne dattawan unguwa ke baje tabarma a gindin darbejiya. Yaya zai taho daga bakin titi da gudunsa mai kyau, ina bin sa, numfashina a riƙe, sai ya iso saitin tsofaffin nan ya taka birki, ya juya kai, ya ɗaga hannu.

"Barkanku da hutawa, Baba!"

Ni kuwa na riga na wuce shi da kyamara. Sai bango ya fito, fuskarsa ta zama hayaƙi.

"Yaya, don girman Allah! Ka gaishe su ɗazu fa!"

"To yanzu in wuce su fuu kamar ban san su ba? Gobe a ce wa Inna na fi ƙarfin gaisuwa?"

"Sau ɗaya tak!"

"Sannu ba ta hana zuwa, Hajiya mai hoto."

Har wurin dattawan na je, na durƙusa na roƙe su su yafe masa gaisuwar. Suka yi dariya suka ce sun yafe. Ya zagayo, ya iso saitinsu, ƙafarsa da kanta ta sami birki. Ranar kamar in jefe shi da kyamarar. Na yi fushi na shige gida, ya biyo ni da rake yana ce mini gobe ma rana ce.

Ba babur ne ya kashe shi ba, duk da shi Inna ta yi shekaru tana tsoro. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Da hantsi ya cika, kafin la'asar an kai shi. Dattawan nan su suka tsaya a sahun gaba wurin yi masa salla.

Na zauna na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ina kuka ina dubawa. A wani tayar ta fito fes, a wani hannun da ya ɗaga, har zaren bakin rigarsa ana gani. Fuskar ce dai babu. Yau na iya abin, baƙo ya wuce da gudu in kama har ƙwayar idonsa, kuma ba abin da ke ƙona mini rai kamar wannan iyawar.

Na zaɓi mai dama-dama, na kai aka wanke shi babba, na kawo wa Inna. Ta karɓa da hannu biyu. Ta fita tsakar gida inda haske yake, ta kawo shi kusa da fuskarta, ta nisanta shi, ta goge idonta da bakin mayafi ta sake dubawa. Ina tsaye ina jiran faɗa.

"Kin ga tsufa ko," ta ce. "Idon nan nawa ya tafi. Dishi-dishi nake ganinsa."

Na matsa kusa da ita.

Ta miƙo mini hoton, yatsanta a kan inda fuskar ya kamata ta kasance.

"Ke da idonki ke da kyau, duba mini. Dariya yake yi?"

Na duba. Ba komai a wurin sai inuwa.

"Dariya yake yi, Inna."