Igwa na Kallon Teku, Abokin Gaba Ya Zo a Keke

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Danau Kota, ni da maiɗakina da 'yarmu mai shekara biyar, a motar da wani ɗan'uwa ɗalibi ya ara mini. Ba a daɗe da ɗage dokar hana tsallaka jiha ga waɗanda suka yi rigakafi ba, mu kuwa rabonmu da barin Kuala Lumpur tun kafin annoba. Penang muka nufa, wajen wani tsohon sansanin igwa da Turawan Ingila suka gina a kan tsaunin Batu Maung don tsare mashigar tashar jiragen ruwa. Ni na zaɓi wurin, kuma ba son tarihi kaɗai ya sa ba. Na bincika na ga fili ne mai iska, mutane ba su cika zuwa ba.

Gara in faɗi dalilin tafiyar tun yanzu. Yarinyar nan ta daina yarda da mutane. In mai kawo kaya ya ƙwanƙwasa ƙofa, ƙarƙashin tebur take shigewa. Kakarta ta yi ƙorafi a waya cewa jikarta ba ta iya gaisuwa ba. Ga makarantar yara na shirin buɗewa, ran da muka kai ta ganin wurin ta ƙanƙame ƙofar mota tana ihu har ta yi amai. Kuma ba wani ya koya mata ba, ni ne. Shekara ɗaya da rabi ina gadin bakin ƙofa da kwalbar feshin kashe ƙwayoyin cuta, ina wanke ledar burodi da sabulu, ina ce mata kada ta taɓa kowa, mutane ciwo gare su. Ta ji magana fiye da yadda na so.

Babbar hanyar arewa sumul take, ba rami ba shingen bincike, sai gonakin kwakwar manja hagu da dama har ido ya gaji. A Tapah muka tsaya karin kumallo. Kafin ka shiga sai ka ɗauki lambar da ke takardar bakin ƙofa da wayarka don rajista, ka miƙa goshi a auna zafinka, kamar mai neman afuwa. Na sayo nasi lemak, wato shinkafar kwakwa da yaji a ƙunshin ganyen ayaba, ringgit uku-uku, da yankakkiyar gwaba mai barbaɗen tsami da garin ya yi suna da ita. Mutane na zaune a tebura da tazara, suna ci suna hira. Mu a mota muka ci, gilashi a rufe, don yarinya ta ce ba za ta sauka ba. Maiɗakina ta kalle ni, ni ma na gane.

Daga nan sai duwatsun Ipoh, a miƙe kamar an yanka su da wuƙa, da wani dogon rami da hanya ta ratsa ta cikinsa. Kafin azahar mun hau gadar da ta haɗa tsibirin Penang da tudu. Tsawonta sai da ya sa na yi salati, ga ruwa ta ko'ina, ga ni ban iya iyo ba. Gadar kuwa a gindin tsaunin da muke nema take direwa.

Kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, kamar kullum. Wani dattijo Bamale, wato ɗan asalin ƙasar, siriri, mai furfura da tocila a rataye, shi ya zagaya da mu. Pak Cik muke ce masa, yadda ake kiran dattawa a nan. Ya ɗaga wa yarinya hannu, ta koma bayan uwarta.

Ya kai mu inda igwar take a da. Wani ƙaton da'ira ne na kankare, da kusoshin ƙarfe masu tsatsa a tsakiya, yana fuskantar teku. Ya ce an gina wurin kafin Yaƙin Duniya na Biyu, da ɗakunan ajiye harsashi a ƙarƙashin ƙasa, da wurin hangen jirage, da barikin Turawa daban, na Indiyawa daban, na Malawa daban. Sojoji suka yi ta zaman jiran jiragen ruwan Japan. Japanawa kuwa suka sauka can arewa, suka gangaro ta tudu, da yawansu a kan keke, jiragen samansu na ruwan bama-bamai a kan birni. Turawa suka lalata bindigoginsu da hannunsu, suka kwashe mutanensu suka bar tsibirin. Daga baya daji ya cinye wurin shekaru masu yawa.

"Gini mai kyau," in ji shi, yana bubbuga kankaren. "Sai dai ya kalli inda ba a zo ba."

Maiɗakina ta gyara mayafi ta ce, "Malam, ashe kana da 'yan'uwa a Ingila."

Na yi dariya don kada in yi wani abin. Maganar ta zauna mini a ƙirji, domin gaskiya ce. Cutar ba ta shigo gidana ba, alhamdu lillahi, amma ina can ina kallon ƙofa wani abin ya shigo ta baya ya kama mini 'ya.

Sai dattijon ya ce akwai ramin da sojoji ke bi zuwa ɗakin harsashi, ko za mu iya. Na so in ce a'a, maiɗakina ta riga ni da "Boleh," wato za mu iya. Ramin matsattse ne, sai mutum ɗaya-ɗaya, ga duhu ga warin laima. Dattijo na gaba da tocila, yarinya na binsa nesa-nesa, uwarta na bayanta, ni a ƙarshe da jakar feshi. Mun kai tsakiya sai jemagu suka tashi fuu a kanmu. Na ji ƙarar yarinya sau ɗaya, sai shiru. Ban ga komai ba sai bayan uwarta.

Da muka fito haske, hannunta na cikin na dattijon. Shi ta samu a kusa, shi ta cafke, kuma ba ta saki ba har waje. Can ta farga. Ta zare hannun, ta zo gabana ta buɗe tafinta yadda na koya mata, idonta ya cika da hawaye.

"Sorry, Baba. I touch."

Haƙuri take ba ni don ta riƙe hannun wanda ya fitar da ita daga duhu. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba. Hannuna ya riga ya kai kan kwalbar, na bar ta a jaka. Na durƙusa na ce mata ba ta yi laifi ba, kakanta ne, ta je ta gaishe shi. Ba ta je ba. Ta dai ce "sannu" daga inda take, cikin takunkumi, da ƙyar aka ji. Dattijon ya dafa ƙirji ya amsa kamar sarauniya ce ta gaishe shi.

Mun kwana a George Town, babban birnin tsibirin, muka ci nasi kandar, shinkafar da ake zuba wa miya kala-kala har ta nutse. Wannan karon a tebur muka ci, ko da yake na can lungu. Sai da muka wanke hannu, don hankali bai ce a bar wannan ba. Washegari muka kamo hanya, ruwa ya rako mu daga Ipoh har Rawang, muka iso gida da la'asar.

Abin da na koyo bai da yawa. Tsaro ba laifi ba ne, amma mai gadi ya riƙa waiwayawa ya ga halin da waɗanda yake gadi suke ciki. Teburin feshin da ke bakin ƙofa na mayar da shi kicin, na bar sabulu a wurin wanke hannu.

Shekaranjiya mai kawo kaya ya ƙwanƙwasa. Yarinya ta zura da gudu, na leƙa ƙarƙashin tebur ban gan ta ba. Ashe takunkuminta ta je ɗaukowa. Ta saka shi a karkace, ta tsaya bakin ƙofa riƙe da wandona, tana jira in buɗe.