Hannun Nahoda Bwanaheri

Bwanaheri mutumin Matondoni ne, a tsibirin Lamu, inda yaro kan iya jan igiyar jirgi tun bai iya ɗaura zane a ƙugu ba. Yana ɗan shekara ashirin da huɗu kawunsa Lali ya damƙa masa sandar tuƙi a gaban jama'a, daga ranar kowa ke kiransa Nahoda, wato shugaban jirgi. Ya shekara ashirin yana dakon itace da dutsen gini a jirgin katako mai ƙyallen iska. Sai jirage masu inji suka cika teku, kaya ya daina zuwa, nasa jirgin kuma tsutsa ta cinye masa ciki.

Ƙanin matarsa ya samo masa gadi a wani shago a Mombasa. Abin da Bwanaheri ya fi tsoro a duniya ke nan: ya tsufa a kan benci da kulki a hannu, babu mai ce masa Nahoda.

"Baban Zena, wai gadin zagi ne?" in ji matarsa Mwanahawa, tana kankare kwakwa. "Ni dai ban taɓa zuba nahoda a tukunya yara sun ƙoshi ba."

Ana cikin haka ya ji wata makaranta a Kilifi tana neman masu koya wa mutane tuƙin jirgin iska, amma sai da takardar shaida. Ya tafi yana dariya a ransa. Shi za a jarraba a kan iska?

Jiragen makarantar ƙanana ne na roba, kamar kwanon wanki, ga wani dogon ƙarfe a gindin ƙyallen. A Lamu in za a juya jirgi, baya ake ba iska, maza su ruga su zagayo da ƙyallen ta gaban ginshiƙi. Ba mai tusa hancin jirgi cikin iska, don ƙyallen zai manne wa ginshiƙi, jirgi ya cije. Nan kuwa akasin haka ake fara koya wa ɗalibi: hanci cikin iska, ƙarfen ya tsallaka a hankali. An gaya masa, ya ce ya ji.

Ranar jarrabawa aka haɗa shi da wanda zai koya wa, Mutiso, wani akawu ɗan Nairobi mai tabarau, wanda bai taɓa hawa ruwa ba. Sun kusa duwatsu iska ta taso. Kafin Bwanaheri ya yi tunani, hannunsa ya riga ya fizgi sanda ya ba iska baya. Ƙarfen nan ya sharo da ƙarfi ya sami Mutiso a saman kunne, jirgi ya kife. Ɗinki biyar aka yi wa bawan Allah.

Malama Nyevu mai jarrabawar, gajeriya ce mai muryar da ke tsallake teku, amma ran nan a hankali ta yi magana.

"Baba, teku kam ka fi ni saninta nesa ba kusa ba. Hannunka ne na Lamu. Ko ka sake shi, ko ka kama hanyar gida."

Kunya ta hana shi cin abinci. Amma da ya tuna bencin Mombasa, sai ya dage. Wata huɗu, kullum da sassafe, ƙaton mutum mai furfura yana cikin kwanon wankin nan yana juyawa, sau hamsin, sau ɗari. In hannun ya kuskure, sai ya make shi da ɗayan, masunta na kallo suna kwasar dariya. Karo na biyu ya ci jarrabawar, ya samu aikin. Ɗalibai ma son sa suke, don Malam, kamar yadda suke kiransa, ba ya tsawa.

Bayan shekara ya je gida bikin jikar Kawu Lali. Za a kai 'yan rakiyar amarya Kipungani a jirgin tsohon. Kawu, wanda idonsa ya kusa mutuwa, ya ji muryarsa a bakin gaɓa.

"Nahoda ya dawo. Kai Kombo, tashi daga nan, ba wurinka ba ne," ya ce wa wanda ke riƙe da sandar tuƙi.

Bwanaheri ya riƙe sandar, daɗi ya cika shi har maƙogwaro. Mata na waƙa, da farantan alewa a cinya. A bakin mashigi aka zo juyawa, maza huɗu suka miƙe riƙe da igiya, suna jiran ya ba iska baya.

Sai ya tusa hancin jirgin cikin iska.

Ƙyallen ya faɗo ya manne wa ginshiƙi. Jirgi ya cije, ya karkata, ruwa ya kwararo ta gefe, waƙa ta koma salati. Da ƙyar mazan suka sauke ƙyallen. Ba wanda ya faɗa ruwa, ba kuma wanda ya dubi Bwanaheri, abin da ya fi masa ciwo ke nan.

Kawu Lali bai ga komai ba, ƙarar ƙyallen ce ta gaya masa. Ya lallaɓo da rarrafe har bayan jirgin, ya laluba hannun Bwanaheri, ya ɓamɓare yatsun daga sandar ɗaya bayan ɗaya.

"Koma can ka zauna, Malam," ya ce. "Kombo, zo ka kai mu."