Neman Irin Kajin Gwaggo Ladi a Gozaki

Funtua

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na rufe ƙofar gida, kwando a kaina, na nufi tashar Malumfashi. Tun rasuwar maigidana da kiwon kaji nake riƙe yara. A bana kuwa shirwa ta gama da ni. Fararen 'yan tsaki talatin na sayo, cikin wata biyu saura huɗu. Aka ce ƙanwar mahaifina, Gwaggo Ladi, kajinta sun cika Gozaki, kuma shirwa ba ta fasa shawagi a can ba. Na ce sai na gani da idona.

Direbanmu Bayarabe ne haifaffen Funtua, Hausa a bakinsa rangaɗau. Ya dubi kwandon ya ce, "Hajiya, fanko kika ɗauko?"

"A cike zai dawo," na ce.

Mun wuce Bakori ƙarfe shida da kwata. A shingen da ke gaba jami'i ya leƙo, ya gaishe mu, ya ɗage katako.

Malumfashi zuwa Gozaki

Ƙarfe bakwai da rabi na karya da koko da ƙosai a bakin tasha, na hau motar Kafur. Daga can ɗan kabu-kabu ya ratsa da ni ta gonakin dawa. Ƙarfe goma ina tsakar gidan Gwaggo.

Kaji ko'ina, ƙarƙashin rumbu, bayan turmi, kan danga. Na lura babu fara ko ɗaya, duk jajaye ne da masu ruwan ƙasa.

"Gwaggo, ke kika zaɓe su haka?"

Ta yi dariya. "Ni? Shirwa ce ta zaɓa mini, Binta. Da na fara, kowane launi akwai. Farin da ake hangowa daga sama shi ta fara ɗauka. Sai mai taurin kunne, wanda uwa za ta yi ƙara ya tsaya kallo. Shekarar farko biyar suka rage mini, na yi kuka. Su biyar ɗin suka haifi duk waɗannan."

Muna cin tuwon dawa bayan azahar inuwa ta gifta. Wata kaza ta yi ƙara sau ɗaya. Na duba inda 'yan tsaki goma ke tsince-tsince yanzun nan, ban ga ko ɗaya ba. Sun lafe cikin kara da ƙasa. Shirwa ta zagaya sau uku ta tafi da ƙafa wayam.

"Yanzu sun fi ƙarfin dusata," in ji Gwaggo. "Kwashi."

Ta ba ni uwa biyu da 'ya'yansu da zakara ɗaya. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kada ki kulle su. Za ki rasa wasu. Ki daure, waɗanda suka rage su ne irinki."

Komawa

Na kwana, na taso ƙarfe bakwai, azahar ta yi mini a Funtua. Na buɗe kwando a tsakar gida, zuciyata na cewa in tura su akurki in rufe. Na bar ƙofar a buɗe.

Wata shida ke nan. Shirwa ta ɗauke uku, amma kaji huɗu na kwance kan ƙwai. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Gwaggo Ladi.